Kafin Ka Ce a Cire Maka Haƙori

Ɗana, in haƙori ya hana ka barci, abin da zuciya ke fara raya maka shi ne a fizge shi kowa ya huta. Dakata tukuna, ka san ginin da za ka taɓa.

Allah ya jera haƙoranka sahu biyu masu lanƙwasa, ɗaya a muƙamuƙin sama, ɗaya a na ƙasa. Baligi na da 16 a kowane sahu: huɗu na gaba masu gatsa, fiƙa biyu, sai turame goma na tauna, huɗu ƙanana, shida manya. Sahun sama ya ɗan fi faɗi, shi ya sa in ka rufe baki yake ɗan lulluɓe na ƙasa. Ka san bakan gizon da magina ke ɗaura wa soro, kowace azara da 'yar'uwarta take tsaye. To, haka haƙora suke, kowanne na jingine da maƙwabcinsa, yana kuma da abokin karo a ɗaya sahun.

In aka cire turmi ɗaya na ƙasa aka bar giɓin, na bayansa yakan fara kwantowa, na saman da ya rasa abokin karo ya riƙa zazzagowa, ƙashin wurin kuma ya yi ta shanyewa. Ba a dare ɗaya ba, a hankali abin ke tafiya. Sai nama ya samu wurin maƙalewa, dasashi ya kumbura, tauna ta koma gefe guda.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na yara. Haƙoran yarinta 20 ne, goma sama goma ƙasa. Wajen shekara 6, lokacin famfara, wani babban turmi kan fito can bayansu, ba tare da ya ture kowa ba. Na dindindin ne, ba shi da magaji. Iyaye kan gan shi ya yi kogo saboda alewa da lemon kwalba, su ce ai zai faɗi wani ya fito. Ba zai fito ba. Su kansu na yarintar, wuri suke riƙe wa masu zuwa. In suka fita da wuri sai wurin ya matse, sababbin su fito a cunkushe, wani kan wani. Yaron da ya daɗe yana tsotson yatsa ma, sahun samansa kan tsuke, na gaba su turo waje.

Don haka ka riƙa leƙa bakin ɗanka da tocila, har can ƙurya. Asuwaki ko buroshi, a kai shi ƙarshen sahu, ciki da waje, safe da dare. In kogo ya bayyana, je wurin likitan haƙori ka fara tambayar ciko. In kuwa cirewar ta zama dole, kada ka tashi daga kujerarsa sai ka ji yadda za a toshe giɓin.