Takardar PACS ba ɗaurin aure ba ce

 

A 1999 Faransa ta kafa PACS, yarjejeniyar zaman tare tsakanin mutum biyu, ko da jinsinsu ɗaya. Masu ra'ayin mazan jiya suka yaƙe ta. A 2013, da batun auren jinsi ɗaya ya taso, wasunsu suka koma roƙon a tsaya ga yarjejeniya, kada a taɓa sunan aure. Dokar ta wuce duk da haka. A Shari'a kuwa, canjin suna ba ya halatta abin da Allah ya haramta.

Ga inda abin ya shafe mu: fiye da kashi 90 cikin 100 na masu PACS namiji da mace ne. Ɗiyanmu masu karatu can suna iya sa hannu a ma'aikatar magajin gari, su zaci sun yi aure. Ina waliyyi? Ina sadaki da shaidu biyu adilai? Ɗayansu ma yana iya warware ta shi kaɗai, babu idda. Uba, in ɗanka ya ce maka ya "daidaita takardu", tambaye shi wa ya ba shi auren.