Ko Ɗokin Masunci Ya Kan Tsufa Tare Da Shi?

Akwai wata tambaya wadda a kan yi gardama a kanta a bakin Gulbin Rima, watau, ko masunci yana riƙe da ɗokin su har tsufansa, ko kuwa ɗokin ya kan tsufa tare da shi? Waɗansu suna cewa wanda ruwa ya shiga jininsa ba ya rabuwa da shi sai kabari. Waɗansu kuwa suna cewa ɗoki kayan yara ne, tsoho dai yunwa ce ke kai shi gulbi. Tambayan nan ta masunta ce, amma ta shafi manomi da maƙeri da malamin makaranta, da kowane mutum wanda ya fara aiki da murna, yana kuwa tsoron kada ya ƙare shi da gunaguni. Domin wannan ya kamata mu dube ta da hankali.

Bari mu fara da ruwan kansa. Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga kudu, su haɗu wajen ƙasar Isa su zama Rima. Gulbin Maraɗi kuma ya kan zaga ta Nijar ya komo ya zuba a cikinsa wajen Sabon Birni. A bakin gulbin nan Alƙalawa ta ke, birnin Gobirawa na dā, wanda aka ci a 1808. Ruwan nan mai zuwa ne mai tafiya. Da damina ya kan cika ya malala cikin fadama, kifi ya bi shi ya zuba ƙwai cikin ciyawa. Da kaka ya ja da baya ya bar tafkuna da gurabe. Da bazara wurare da yawa sai yashi. Saboda haka masuncin ƙasan nan ya saba da jira, yawancinsu kuwa manoma ne kuma, har da Sarkawa waɗanda su ne suka gaji sana'ar.

Yanzu mu duba ɗokin saurayi, mu ga daga ina ya ke fitowa. Yaro ya kan fara da fatsa da tana, ran da ya kama ƙurungu guda sai duk gida su ji labari. Sa'ad da ya zama saurayi ya ɗauki koma da gora, ya iya nutso, sai ya sa ransa ga babban kifi. Mun ga saiwa uku a ƙarƙashin wannan ɗoki: ƙarfin jiki, da marmarin sabon abu, da yabon mutane. Wanda ya ke so ya ga su duka a fili, sai ya tuna da bukin su na Argungu, wanda aka fara a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi. Can dubban mutane su kan ruga cikin Matan Fada gaba ɗaya, kowa yana fata shi ne za ya fito da giwan ruwa a gaban sarakuna.

Kada mu ruɗi kanmu, saiwoyin nan uku duka suna bushewa. Sanyin ruwan asuba wanda saurayi ya ke yi wa dariya, shi ne ke shiga gwiwar dattijo ya hana shi barci. Ido ya kan rage, numfashin nutso ya gajarta. Tarwaɗa ta dubu ba ta sa zuciya ta buga kamar ta fari. Yabo kuwa ba shi da amana, bana naka, baɗi na yaron da ka koya wa ɗaurin ƙugiya. Idan dai ɗoki shi ne wannan zumuɗi kaɗai, to, masu cewa ya kan tsufa sun faɗi gaskiya.

Amma kafin mu ɗora wa tsufa laifin kome, sai mu yi adalci, gama gulbin ma ya sake. An yi babban fari a 1973, an sake yin wani a 1984. An gina madatsar ruwa ta Zobe a 1983, ta Goronyo a 1984, daga baya kuma ta Jibiya a kan ruwan da ke tafiya Maraɗi. Sun taimaki noman rani da ruwan sha, amma madatsa ta kan sake lokacin cikowar ruwa, ta kuma tare hanyar kifin da ke hawowa gaba da ruwa. Banda wannan, a 2020 da 2021 'yan bindiga sun kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Sabon Birni da Isa, har dubbai suka gudu zuwa ƙasar Maraɗi. Mutumin da ya rataye komarsa domin bakin gulbi ya zama wurin tsoro, ba daidai ba ne mu ce zuciyarsa ta yi sanyi. An hana shi ne. Bukin Argungu ma ya tsaya bayan na 2009, amma da aka sake buɗe shi a 2020 masunta suka cika gulbi. Ashe abin da aka hana shekara goma yana nan da ransa.

To, ƙaƙa za mu san abin da ya rage a zuciyar tsohon masunci? Ga wata hanya mai sauƙi. Mu lura da abin da ya ke yi sa'ad da ba ya samun ko anini a ciki. Akwai dattijon da ba ya iya shiga ruwa kuma, duk da haka ya kan zauna a inuwa yana ɗinkin birgi, in samari sun komo ya tambaye su inda suka jefa, da launin ruwa, da irin kifin da ya fito. Wannan ba yunwa ce ta sa shi tambaya ba. Ya san ramin da ramboshi ke kwana, ya san ranar da karfasa ke shiga ciyawa, ya san wurin da ruwa ke juyawa ya ci mutum. A dā kifin ya ke so, yanzu gulbin duka ya ke ƙauna. Wutar kara ta kan tashi sama ta mutu nan da nan, garwashin kirya kuwa ba shi da harshe, amma a kansa a ke yin banda.

Wani za ya ce, "Ai wannan sabo ne kawai, kamar jakin da ya san hanyar gida." Mun yarda akwai irin wannan. Amma ana iya rarrabe su. Mai sabo kaɗai ba ya tambaya, ba ya koyon kome, in an hana shi zuwa gulbi ba abin da ya ke rasawa sai wurin zama. Mai ƙauna kuwa har yanzu ruwa yana ba shi mamaki, yana kuma jin zafi in ya ga ana ɓata shi. Shi ne ke tsawata wa masu zuba guba irin Gamalin a tafki, da masu tace ruwa da gidan sauro su kwashe har 'ya'yan kifi, gama yana tunanin shekarun da ba za ya gani ba. Saurayi mai zumuɗi ya kan so ya kwashe duka yau. A nan ɗokin tsoho ya fi nasa amfani.

Akwai fa hatsari guda wanda ya kamata dattawa su kula da shi, gaiwa ce za ta koya mana. In tafki ya ƙafe, gaiwa ta kan nutse cikin laka ta naɗe, tana shaƙar iska ta ɗan rami, ta yi watanni tana jiran ruwa. Haƙurinta abin koyi ne. Amma a cikin jiran nan naman jikinta ta ke ci, shi ya sa Hausawa ke misali da ita. Haka tsohon da ya naɗe da saninsa shi kaɗai. Ba ya gaya wa kowa inda kifi ya ke, domin kishi. Maganarsa kullum ita ce kifin dā ya fi girma, yaran yanzu ba su san kome ba. Ƙaunarsa ba ta mutu ba, amma da shi ke ba ta da mafita, sai ta juya tana cinsa. Ran da aka binne shi, an binne sanin shekara hamsin, sa'an nan wani yaro ya nutse a wurin da kalma ɗaya ta isa ta tsare shi.

Ga amsarmu ke nan. Zumuɗi ya kan tsufa, babu kuwa abin kunya a ciki. Ƙaunar aiki tana iya kaiwa har ƙarshen rai, amma ba ta kaiwa da kanta, sai an yi kiwonta. Abincinta biyu ne: mutum ya riƙa koyo, ya kuma riƙa koyarwa. Masuncin da tun yana saurayi ba ya ganin kome a gulbi sai kuɗi da suna, ran da suka ƙare ba abin da za ya rage masa. Wanda ya koyi duban ruwan kansa yana da guzurin tsufa.

'Yan'uwa, kowannenmu yana da gulbinsa, ko gona, ko maƙera, ko aji, ko zaman aure. Ku dattawa, kada ku ji kunya domin ƙafa ta gaza, ku kira yaro ku zaunar da shi kusa, ku ba shi abin da ku ka sani tun kuna da baki. Ku samari kuma, kada ku ga tsoho ya yi shiru ku ce ya gaji da abin. Ku kai masa kifi guda daga cikin kamunku, ku tambaye shi. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba za ya gani ba. Allah ya maido da zaman lafiya a bakin Rima, ya ba mu tsufa mai amfani.