Zuciyar Mutum Birninsa: Murid, Maƙwabcinsa Kirista da Juma'ar da Damagaram Ta Yi Hayaƙi

Godiya ta tabbata ga Allah Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda yake Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ba ya bukatar a tuna masa hayaƙin da ya turnuƙe garin bayan an sauko daga masallaci. Kwana 2 kafin nan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake fitar da zanen ɓatanci ga Fiyayyen Halitta (SAW), mako guda bayan harin da aka kai ofishinta. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, yana cikin shugabannin da suka yi jerin gwano a birnin Faris ranar 11 ga watan, abin da ya ƙara wa wutar makamashi. Mutane suka fito rai a ɓace, kuma ɓacin ran yana da dalili, don babu mumini da za a taɓa janabin Manzon Allah (SAW) zuciyarsa ta kwana lafiya. Sai dai kafin magariba an ƙona cibiyar al'adun Faransa, an ƙona majami'u, an fasa shagunan Kiristoci an kwashe kaya. Rayuka 5 suka salwanta a Damagaram. Washegari abin ya koma Yamai, inda aka ƙara rasa mutum 5, ƴan sanda kuma suka ce an ƙona coci 45. Ɗaruruwan Kiristocin Damagaram a barikin soja suka samu mafaka.

Babu ko ɗaya cikinsu da ya riƙe alƙalamin da aka yi zanen. Jaridar ma ta daɗe tana yi wa Paparoma da addinin Kirista irin wannan isgilancin. To, me ya sa fushin da aka yi da Faris ya sauka a kan tela da malamin makaranta da mai sayar da abinci na unguwa?

Wani ɓangare na amsar yana cikin kalma ɗaya: Nasara. A bakin Bahaushe, Bature Nasara ne, Kirista ma Nasara ne. Damagaram kuwa ba ta manta yadda ta haɗu da Nasara ba. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 sojan Faransa suka ci garin, daga baya suka mai da shi hedkwatar mulkinsu har zuwa 1926. Cikin shekarun 1920 ne masu mishan na SIM suka sauka a garin, a inuwar wannan mulki. Sai sunan ya manne. Yau Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba. Akwai ƴan asalin Binin da Togo da Burkina da kudancin Najeriya a cikinsu, akwai kuma Hausawa ƴan ƙasa, amma a ranar fushi duk sai a kira su da sunan wanda ya ci garin da bindiga.

Abin lura shi ne yadda shugabanninsu suka amsa. Manyan limaman Katolika, ciki har da Michel Cartatéguy na Yamai da Ambroise Ouédraogo na Maraɗi, wanda a lokacin Damagaram ke ƙarƙashin kulawarsa, sun kira mabiyansu ga yafiya da barin ramuwa, suka kuma jaddada zumuncinsu da al'ummar Musulmi. Mai son zargi zai ce dole ce ta sa, wanda ba shi da yawa ba shi da zaɓi sai haƙuri. Allah ne Masanin zukata. Amma ba ranar suka ƙago maganar ba, karatu ne da suke yi wa ƴaƴansu tun suna ƙanana.

A littafinsu na Matiyu, sura ta 5, akwai huɗubar da suke jingina wa Annabi Isa (AS), wadda suke kira huɗuba a kan dutse. An buɗe ta da jerin mutanen da aka yi wa albishir. Aya ta 8 ta ambaci masu tsarkin zuciya, ta yi musu alkawarin ganin Allah. Aya ta 9, ba tare da wani abu ya shiga tsakani ba, ta ambaci masu ƙulla sulhu. Sunan da ayar ta kira su da shi, na ɗiyauci ga Allah, Musulmi ba ya furta shi, domin Allah Ya tsarkaka daga haihuwa. Wannan saɓani ne na aƙida, kuma ɓoye shi ba ladabi ba ne. Amma jerin yana da ma'ana: an gabatar da wankin ciki, sulhu ya biyo bayansa.

Ƙasa kaɗan a surar akwai misalin da ya fi wannan kaifi. Mutum ya kawo hadayarsa har gaban bagade, sai ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙorafi a kansa. Umarnin da aka ba shi: ya ajiye hadayar a nan, ya je su shirya, sannan ya dawo ya miƙa. A lura, ba shi ne mai jin haushin ba, shi ake jin haushi, amma shi aka ɗora wa tafiyar. Mabiya Katolika suna da ɗabi'a mai wannan ruhi: kafin su karɓi abin da suke kira jibin Ubangiji, kowa yakan juya ya yi wa na kusa da shi gaisuwar salama. A littafin Markus kuma, sura ta 7, an nuna cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga cikinsa yake fitowa, su hassada da girman kai da mugun nufi.

Murid da ya ji wannan zai ji kamar ya taɓa jinsa a zawiya. Lallai ya taɓa ji. Hadisi ya zo da maganar tsokar nan da in ta gyaru jiki duka ya gyaru. Suratush Shu'ara'i ta ambaci ranar da babu abin da zai yi amfani sai zuwa da lafiyayyar zuciya. A Sahihu Muslim kuma ya tabbata cewa ranar Litinin da Alhamis ana gafarta wa bayi, ban da mutum biyu da ke da gaba a tsakaninsu, su sai a jinkirta lamarinsu har su sulhunta. Wanda ke ganin bai dace ɗan ɗarika ya saurari abin da aka jingina wa Annabi Isa (AS) ba, ya duba Ihya'u Ulumid Din na Imamu Gazali, zai tarar da maganganunsa na zuhudu da gyaran zuciya a babi bayan babi. Malaman tasawwufi ba su ji tsoron hikima don ta biyo ta ƙofar maƙwabci ba, sun dai auna ta da ma'aunin shari'a.

Tambaya mai wuya ita ce ta fushi. Akwai fushi don Allah, kuma rashinsa a inda ya dace mutuwar zuciya ce. Akwai kuma fushin rai da ke sanye da rigar addini. A waje kamarsu ɗaya: jijiya ta tashi, murya ta ɗaga, kabbara a baki. Sufaye suna ba da labarin Sayyidina Ali (RA), Maulana Rumi ma ya kawo shi a Masnawi, cewa ya kayar da abokin gaba a fagen yaƙi, mutumin ya tofa masa miyau a fuska, sai ya janye takobinsa. Dalilinsa shi ne da farko don Allah yake yaƙin, da miyau ya taɓa shi sai ransa ya samu rabo a ciki. Ma'aunin ke nan. Fushin da yake don Allah yana tsayawa inda Allah Ya ce a tsaya. Allah kuwa Ya faɗa a wurare da dama cewa rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. A Suratul Ma'ida Ya hana ƙin wasu mutane ya kai ga barin adalci. A Suratul Hajji, aya ta 40, Ya ambaci ɗakunan ibadar ruhubanawa da majami'u tare da masallatai cikin wuraren da ake tsarewa daga rushewa. Fushin da ya tsallake waɗannan iyakoki, ya kuma dawo gida da kujera ko buhun shinkafa a ka, ya riga ya faɗi sunan ubangidansa.

Akwai wanda ya fi kowa a Damagaram dalilin ƙin Faransa, shi ne Amir Abdulƙadir na Aljeriya, ɗan gidan Ƙadiriyya. Daga 1832 zuwa 1847 yana yaƙi da ita, ta ƙwace ƙasarsa, ta karya alkawarin da ta yi masa, ta tsare shi har 1852. A watan Yuli 1860, yana zaune a Dimashƙa, tarzoma ta tashi a kan Kiristocin birnin. Ya fita da mutanensa yana tattaro su daga lunguna, ya cika gidansa da su, ya tsaya tsakaninsu da taron da ya zo nemansu. Dubbai suka tsira ta hannunsa. Mutumin da ya yi shekara 15 a kan doki yana fafatawa da Nasara mai bindiga bai rikita shi da Nasara maƙwabci ba. A Damagaram ma, a wannan Juma'ar, an samu Musulmi da suka shigar da maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu suka rufe ƙofa. Yawancinsu ba a san sunayensu ba, kuma wataƙila hakan ya fi musu.

Sai maganar da ake kauce wa. Yafiyar da liman Kirista ya furta a madadin jama'arsa ba ta sauke haƙƙi daga wuyan wanda ya ɗauka ba. Tuba a kan haƙƙin bayi tana da sharaɗin da tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ba ta da shi, wato mayar da abin ga mai shi ko neman ya halatta. Hadisin matsiyacin gaskiya sananne ne: mutum ya zo ranar hisabi da salla da azumi, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare. Ba a keɓe dukiyar wanda ba Musulmi ba daga haramcin zalunci. Su ma Kiristocin, a littafin Luka sura ta 19, suna da labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda alamar tubarsa ita ce alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4. Shekaru sun wuce. Idan akwai kwanon rufi ko benci na wannan rana a gidan wani, istigfari 100 na safe da 100 na yamma ba za su mai da shi halal ba. In kunya ta hana shi zuwa da kansa, ana iya aikawa ta hannun muƙaddami ko mai unguwa, ba sai an ambaci suna ba.

Ɗan Tijjaniyya ya san cewa cikin sharuɗɗan da ya karɓa tare da wuridi akwai barin yanke hulɗa da bayin Allah, musamman ƴan'uwa a ɗarika. An ce musamman, ba a ce su kaɗai ba. Ya kuma san cewa yammacin Juma'a, tsakanin la'asar da magariba, lokacin zikirin Juma'a ne. A wannan sa'ar ce, ranar 16 ga Janairu, hayaƙi ke tashi a garin. Harshen da ke hailala da hannun da ke riƙe da galan ɗin fetur suna iya zama na mutum ɗaya, kuma wannan shi ne abin tsoron. Hausawa sun ce zuciyar mutum birninsa. Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa mai kauri, har yau ana ganin ragowarta, amma abin da ya ci garin a wannan rana daga cikin ƙirazan mazaunansa ya fito.

Irin wannan rana ba kullum take zuwa ba. Wadda take zuwa kullum ita ce ta layin jarkoki a bakin famfo, a garin da ƙarancin ruwa ya daɗe yana gwada haƙurin mutanensa. Mata biyu suka yi sa-in-sa a kan wadda ta riga ajiye jarka, ɗaya Musulma, ɗaya matar Kirista. Kafin azahar magana ta bar ruwa ta koma addini. Namijin da labarin ya fara isa kunnensa yana da zaɓi: ya ƙara gishiri, ko ya tsaya ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Haka a Kasuwar Dole in ciniki ya ɓaci, haka tsakanin ɗan kabu-kabu da fasinja, haka a fadar samari in ana zuba shayi wani ya karanto saƙon WhatsApp da ba a san tushensa ba. Mai sulhu a irin waɗannan wurare ba ya cin riba. Nasa za su ce ya sayar da su, ɗaya ɓangaren kuma ba lallai su yarda da shi ba. Shi ya sa wanda zuciyarsa ke neman yabo ba ya daɗewa a wannan aiki, da an zarge shi sau biyu sai ya koma cikin taro. Mai jurewa shi ne wanda ya riga ya wanke son a ce da shi gwani.

Samarin da suka fi yawa a titi ranar nan ba daga sama suka faɗo ba. Ƴaƴan Birni ne da Zango da Kara-Kara, da yawansu ba aiki ba sana'a, kuma wasunsu sun yi allo a hannun malaman da ake zaman wazifa da su. Wanda ya koya wa yaro son Annabi (SAW) bai koya masa yadda Annabi ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina ba, bai kuma ba shi labarin Najjashi sarkin Habasha, wanda yana Kirista ya ba sahabbai mafaka lokacin da danginsu na Makka suka kore su, ya ba shi rabin karatu. Muƙaddamin da ke da almajirai 20 a zaurensa yana iya fara ɗaya rabin da tambaya guda a daren Juma'a: wa ya san sunan Kiristan da ke layinsu, kuma yaushe rabon da ya gaishe shi?