Idan An Ce a Tambayi Mata, Ita Wa Za Ta Tambaya?

A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato akwai wani hukunci mai jan hankali. Idan mace ta kai shekara 50 amma ba ta kai 70 ba, sai ta ga jini, malamai ba su yanke da kansu cewa haila ce ba. Sun ce a tambayi mata masana. Wato shari'a ta amince akwai ilimin da ke hannun mata, wanda suke koya wa juna a tsakar gida ko a gindin murhu ranar biki.

To, macen da zaman irin wannan taro ke zame mata azaba fa?

Ita ce mai lalurar otizim, wadda kafafen labarai ke kira galahanga, kalmar da ta yi wa mutanen nan nauyi, domin da yawansu suna karatu, suna sana'a, suna riƙe da gidajensu. Tun a 1943, lokacin da likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a Amurka, uku ne kacal mata cikin yara 11 da ya duba, kuma aka daɗe ana ɗaukarta matsalar yara maza. 'Yan mata sai suka koyi ɓoyewa: su haddace gaisuwa, su kwaikwayi murmushi, su cije su daure hayaniya. A gidajenmu sai a ce, "Ai miskila ce, ba ta son mutane."

Ɗaukewar jinin al'ada takan zo tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ana tabbatar da ita bayan wata 12 ba a ga jini ba. Kafin nan sinadarin isturojin yana ta hawa da sauka, ga zafi mai taso wa mace bagatatan, ga gumin dare, ga rashin barci da mantuwa. A 2020 Rachel Moseley da abokan aikinta na Jami'ar Bournemouth a Ingila sun wallafa tattaunawar da suka yi da masu otizim bakwai a kan wannan mataki. Sun ba da labarin yadda abubuwan da ke damun gaɓoɓin jinsu suka ƙara tsananta gare su, yadda ɓoyewar da suka saba ta gagara, har wasu suka yi tunanin kashe kansu, likitoci kuma ba su da abin ce musu.

A kwatanta irin wannan mace a Kano cikin zafin Afrilu, babu wuta, hijabin roba na ƙaiƙayin wuyanta. Rayuwarta duka a kan tsari take, ga shi kwanakin da ta saba ƙirgawa sun rikice. Jinin nan haila ne ko istihala? Ta ƙara kwana uku a kan al'adarta ko ta yi wanka? Ga wadda ruɗani ke hana ta barci, wannan ba ƙaramar fitina ba ce. Idan ta fashe da kuka, wani ya ce aljanu ne a kai ta ruƙiyya, wani ya ce, "Haba Hajiya, yi haƙuri mana."

Haƙuri ibada ne, amma bai halatta a mayar da shi hanyar rufe bakin mai ciwo ba. Malaman usulu sun kafa ƙa'idar cewa wahala kan jawo sauƙi. Abin tambaya shi ne wa ke auna wahalar. Idan da idon 'yan kallo za a auna, wannan baiwar Allah ba za ta taɓa samun rangwame ba, tunda ta yi shekara arba'in tana ƙwarewa a ɓoye abin da ke damunta. Dole maganarta ta zama shaida, ko da a rubuce ta iya yin ta.

Saboda haka nauyin "a tambayi mata" ya koma kan matan da kansu, su je su same ta. Malamar Islamiyya ta zauna da ita su biyu, ta rubuta mata hukuncin dalla-dalla. Ƙanwarta ta riƙa sa mata alama a kalanda, ta raka ta asibiti da tambayoyi a takarda, ciki har da batun maganin maye gurbin sinadaran da suka ragu. Maigida kuma, ranar da ta ce ba za ta iya zuwa gidan suna ba, ya kai mata uzuri da kansa.