Faɗakarwa a kan Haƙƙin Tunkiyar da Aka Yar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai ciyar da dukkan mai rai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi kiwon tumaki, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwana a cikin ɗariƙa, a shekara ta 1986 ta Miladiyya, a ƙasar Amurka, waɗansu mutane suka shiga kasuwar dabbobi ta garin Lankasta, suka iske wata tunkiya an jefar da ita bisa tarin mushe, alhali da sauran numfashinta. Ta ɗaga kai. Suka ɗauke ta zuwa ga likitan dabbobi, ta miƙe. Suka sa mata suna Hilda. Ita ce farkon abin da suka ceto a gidan nan nasu, Farm Sanctuary, inda ba a sayar da dabba, ba a yanka ta. Ta rayu har 1997.

Mutanen nan ba su cin nama ko kaɗan. Wannan ba mu bin su a kansa, gama Allah ya halatta yanka, layya kuwa ibada ce. Abin da nake tambaya shi ne, dabbar da kasuwa ta ƙi, me ya saura nata a wuyanmu?

Duba, ya kai muridi. Malaman fiƙihu sun ce marar lafiya da gurguwa da ramammiya, idan aibinsu ya bayyana, ba su isarwa ga layya. Ashe irin wannan tunkiya ba ka neman kusanci ga Ubangiji da jininta. Ba ta da nono, ba ta haihuwa, ba mai taya ta. Ƙofa guda ta saura, ita ce ka shayar da ita, ka kawar da ita daga rana. Ni kuwa ina ganin ƙofar nan ta fi kuɓuta daga riya. Ragon layya maƙwabta suna kallonsa, suna ƙiyasta kuɗinsa, son rai yana samun rabonsa a ciki ko mutum bai so ba. Amma wa zai yabe ka don ka wanke gyambon tsohuwar tunkiya? Ita kanta ba ta iya godiya.

Ya zo a hadisi ingantacce an gafarta wa wani mutum saboda kare da ya shayar, an azabtar da wata mace saboda kyanwa da ta tsare. Ya zo kuma, ranar hisabi za a rama wa tunkiya marar ƙaho tunkuyin da mai ƙaho ta yi mata. Idan haka yake tsakanin waɗanda ba a kallafa wa shari'a ba, yaya mai hankali da ya ɗaure ta a turke ya manta?

Wani zai ce ga talakawa da yunwa. Gaskiya ne, ɗan Adam shi ne gaba. Wanda bai iya riƙonta ba ya ba mai iyawa, ko ya wasa wuƙa ya yanka da kyautatawa idan naman zai ciwu. Kada dai ya yar da ita da rai. Mai dabba a turke kuwa, ya leƙa kwanon ruwanta kafin ya zauna wazifa.

Tammat bi hamdillahi.