Suna Da Matsayi: Wata Mas'ala Daga Harshen PHP

Tun lokacin da Rasmus Lerdorf ya fitar da harshen PHP a shekarar 1995, wanda da shi ake gina shafukan intanet masu tarin yawa, al'adar marubutansa ita ce idan za su miƙa wa wani aiki (function) bayanan da yake bukata, sai su jera su bisa tartibin da mawallafin aikin ya shar'anta, ta yadda ma'anar kowane bayani ta rataya ga matsayinsa kaɗai. Aikin setcookie yana karɓar abubuwa bakwai, a da kuwa wanda yake da muradin na bakwai, wato httponly, dole ne ya cike duk na tsakiya, har mai karatu ya tarar da true da false a jere bai san wanne ke nufin me ba. Wasu suka yi dabarar ƙunshe zaɓuɓɓukan cikin jeri mai sunaye, amma da yake harshen ba ya binciken waɗannan sunaye, kuskuren harafi guda yakan wuce ba wanda ya farga.

A watan Nuwamba na 2020, bisa shawarar Nikita Popov, PHP 8.0 ya halatta a ambaci kowane bayani da sunansa, a rubuta httponly: true a tsallake sauran, in kuwa sunan bai inganta ba harshen ya ƙi karɓa. Almajirin nahawu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san Larabci yana rarrabe fa'ili da maf'uli da i'irabi, saboda haka yana gabatarwa yana jinkirtawa ma'ana ba ta ɓaci ba.

To amma sauƙin ya zo da nauyinsa, kuma a nan mas'alar take. A da, mawallafi yana canza sunan bayani yadda ya ga dama, tun da sunan sirrinsa ne. Yanzu da mutane suka dogara da sunan a rubutunsu, canza shi kan rushe aikin jama'ar da bai taɓa gani ba, ko da a wani aji (class) da ya gaji wani ne aka yi canjin. Sunan ya zama alkawari, alkawari kuwa abin tambaya ne a shari'a da hankali. Saboda haka wajibin mai wallafa aiki ne ya yi tunani mai zurfi kafin ya raɗa suna, idan kuma ya raɗa, ya riƙe shi amana.