ZABURA ADDU'AR DUKAN JAMA'A CE



A daren da aka ba da shi, bayan da Ubangijinmu ya kakkarya gurasa ya kuma miƙa ƙoƙon, sai da shi da almajiransa suka yi waƙar yabo kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun (Matiyu 26:30). Haka kuma Bulus da Sila, ƙafafunsu cikin turu a kurkukun Filibi, suka raira yabo ga Allah da tsakar dare (Ayyukan Manzanni 16:25). Ashe waƙa a cikin sujada ba ado ba ce da ake ƙarawa idan lokaci ya samu. Addu'a ce, bakinmu kuwa shi ne bagadin da ake miƙa ta a kai.

A kan wannan akwai abin koyi a wurin 'yan'uwanmu na Darikar Angilikan. A shekara ta 1549 Thomas Cranmer, Akbishop na Kantaburi a Ingila, ya fito da Littafin Addu'a cikin harshen jama'a. Ya ɗauki addu'o'in yamma da na kwanciya barci da Ikilisiyar Katolika ta daɗe tana yi da Latin, ya haɗa su suka zama sujadar yamma guda ɗaya. A cikinta ake rera Waƙar Budurwa Maryamu da Waƙar Saminu daga Bisharar Luka. An kuma rarraba Zabura 150 a kan kwanakin wata, safe da yamma, domin ikilisiyar da ta bi tsarin ta gama su duka kowane wata. Ta haka ne manomi da ɗan makaranta suka haddace kalmomin Dawuda ba tare da sun zauna koyo ba. Waɗansu daga cikin muryoyin da ake ji a wannan sujada har yau, Thomas Tallis da William Byrd ne suka tsara su, Byrd kuwa ɗan Katolika ne har rasuwarsa a 1623.

A ƙasarmu ma, Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, wanda Likita Walter Miller na mishan ɗin Angilikan a Zariya ya yi wa babban aiki, ya kawo Zabura duka cikin harshen da muke addu'a da shi.

Ba mu manta ba cewa har yanzu akwai rabuwa tsakaninmu, ba mu kuma kai ga cin Jibin Ubangiji a teburi ɗaya ba. Amma abin da suka riƙe ɗin gādonmu ne tun asali. Kunya ce a ce maƙwabci yana cin moriyar rijiyar da kakanninmu suka haƙa, mu kuwa muna zaune da ƙishirwa.

To, yaya muke yi da Zabura a ikilisiyoyinmu? A wurare da dama, da zarar an gama karatu na fari sai a tsallake ta, a ɗauko wata gajeriyar waƙa mai daɗin rawa. Dokar Misa ta hana wannan, gama Zabura Maganar Allah ce, ba a musanya ta da maganar mutum. A wasu wuraren kuma kwaya ce kaɗai ke waƙa, jama'a sun zama 'yan kallo. Yaron da ya girma a haka, ranar da ciwo ko rashi ya same shi, da waɗanne kalmomi zai yi kuka ga Allah?

Majalisar Batikan ta Biyu, a dokarta kan sujada ta 4 ga Disamba 1963, ta umarci makiyaya su kula a riƙa yin addu'ar yamma tare da jama'a a majami'a ran Lahadi da manyan idodi. Ta kuma ce a girmama kiɗa da waƙar kowace al'umma. Saboda haka ganga da tulu da kacau-kacau na Zumuntar Mata suna da gurbi a gaban Allah, muddin ba su danne kalmomin ba.

Muna roƙon kowace kwaya ta koya wa jama'a amshin Zabura kafin a fara Misa, ta zaɓi murya mai sauƙi wadda tsoho da yaro za su iya bi. Inda Fada ba ya isa kowace Lahadi, katikis ya tara jama'a da yamma, a rera Zabura biyu da Waƙar Maryamu. Iyaye kuma su koya wa 'ya'yansu Zabura ta 23 da ta 51 a gida.

Tsattsarka Sisiliya, majiɓinciyar mawaƙa, wadda muke idinta ran 22 ga Nuwamba, ta yi addu'a dominmu. Allah ya buɗe leɓunanmu, ya kuma gaggauta ranar da dukan masu bin Almasihu za su yabe shi da murya ɗaya. Amin.